Gwiwoyin Jatau

Tun da aka fara yi wa 'yan dambe allurar gwiwa, gwiwa ta daina tsufa. Sauran jiki ne dai aka bar wa Allah. Jatau mahauci ya daɗe da ajiye dambe. Yanzu ga tumbi, ga haki, amma gwiwoyinsa na saurayi ne, kuma ba su manta da kiɗan takensa ba.

Ranar kasuwa zai fita cefane, matarsa Kulu ta miƙo masa auduga. "Maigida, toshe kunnenka. Yau akwai dambe a fili."

Ya toshe tam. Yana cikin tayin albasa sai ƙafarsa ta dama ta ja baya ta kafe, irin tsayuwar da. Ya ɗaga kai. Can ya hango makaɗi yana dukan kalangu, idonsa a kansa.

"Ku riƙe ni, don girman Allah!" in ji Jatau.

Gwiwoyin suka ja shi zuwa fili, jama'a suka dare masa hanya suna tafi. A tsakiyar fili wani ƙato, sa'an ɗansa, yana naɗe hannu.

Jatau ya ƙara cusa audugar. Gwiwoyin suka ƙara sauri.