Sunan Ɗan Fari

Tun da aka kafa sabuwar doka, bindiga ba ta tashi sai ta faɗi sunan wanda ka auna, kai ma ka maimaita shi da bakinka.

Da safe na kai tawa wurin Tanimu maƙeri don ya cire mata harshen.

Ya ce, "Ba zan taɓa ta ba, Baba Ilu. Mai kashe mutum ya san wa yake kashewa."

Na ce, "Kai yaro ne. Ɓarawo zai tsaya ku gama gaisawa?" Na saɓa abata na wuce gona.

Da la'asar ɓarayi suka fito daga daji a kan babura, fuskokinsu a naɗe. Suka harbe maƙwabcina a cikin dawarsa, ya faɗi yana tare hanjinsa da hannu. Ɗayansu ya finciko jikata Laraba, ya ɗora mata adda a wuya.

Na durƙusa bayan tsamiya, na auna ƙirjinsa.

Bindigar ta ce a hankali, "Zubairu Ilu."

Ɗan farina ne, wanda ya shiga duniya tun kafin a haifi yarinyar. Mu ba ma kiran sunan ɗan fari. Tun ranar da na yanka masa rago, sunan bai taɓa fita daga bakina ba.

Jini ya fara bin wuyan Laraba.

Na kira sunan da ƙarfi. Ya waiwayo ya ce, "Na'am, Baba?"

Na ja kunamar.