Ƙofar Da Aka Tsallake

Ka ce kana so ka gyara tsakaninka da ɗan'uwanka amma ba ka son a taɓo tsohuwar maganar. To, bari in ba ka labarin wani direba. Yana tuƙa wa wata dattijuwa baƙar motar da mijinta ya rasu ya bari. Zamanin maigidan, in aka ajiye motar nan a gindin darbejiya da hantsi, sai ka ga itacen gaba ɗaya ya sauko ya kwanta a kan bonet, gajimare na tafiya a hankali a jikin ƙofofi, tattabarun maƙwabta na ratsawa ta cikin fentin. Dattijuwar takan zauna a kan tabarma ta yi ta kallo har shayinta ya huce. Wata rana direban yana shigowa, ƙyauren get ya karce masa ƙofar baya, siririn layi kamar zare. Tsoron rasa aikinsa ya hana shi faɗa mata. Ya sayo man da ke cike karce ya shafe wurin, ya bi da folish. Duk sati sai ya ƙara, bisa ƙura, bisa hayaƙin hanya, bisa folish ɗin makon jiya, har motar ta dushe, darbejiya ta daina saukowa.

Ran nan dattijuwar ta ce masa tana kewar ganin sama a jikin motar Alhaji. Ya kai motar wurin wani tsohon mai goge motoci, mutumin da ke shafa fenti da bayan hannu kafin ya buɗe baki. Tsohon ya ce sheƙi ba ya hawa kan datti: sai an fara bin jikin da maganin da ke cire tsohon folish, a kai ga fentin asali, sannan a sa man cikon, folish ya zo ƙarshe. Direban ya yarda da komai, ban da ƙofar baya. Tsohon ya dube shi, ya dubi ƙofar. Ya yi aikinsa a inuwa da tsumma mai laushi, taki ɗaya bayan ɗaya, ya tsallake inda aka ce ya tsallake.

Da la'asar motar ta dawo gindin darbejiya, sama ta sake sauka a kanta. Ganye na rawa a bonet, gajimare ya taso daga ƙofar gaba yana tafiya, sai ya iso ƙofar baya ya ɓace, ya sake ɓullowa a kan but, can bayan motar. Wurin nan kaɗai ya zauna dusu-dusu, kamar ido mai yana. A da, da motar ke dushe gaba ɗaya, babu wanda ya taɓa lura da shi. Dattijuwar ta taso daga tabarma, ta ɗora tafinta a kan ƙofar, ta daɗe a haka. Ta ce, "Ɗana, karce ai na kowace mota ne, Alhaji ma ya sha yi. Ɓoyon ne ban san yadda zan yi da shi ba." Ta miƙa hannu, ya ba ta makullin motar, aikinsa ya ƙare ke nan.

Ni kam har yau ina jin tausayinsa, don da ya bari an wanke ƙofar, da tsohon ya cike layin nan a gaban kowa, maganar ta wuce. In za ka je wurin ɗan'uwanka, ka je da duka, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi.