Akushin Baban Rifkatu

Mode ya iso gidajen ma'aikatan hukumar En'e na Wurno sanye da rigarsa ta Sallah, akushi a hannu. Tun hantsi aka kawo masa shinkafa da kaza a cikinsa daga Rifkatu, ungozomar da Turawa suka turo daga Zuru. A saninsa budurwa ba ta aika wa saurayi girki a banza, har ya gaya wa kawunsa ta amince ta aure shi.

Sai ga maƙwabta a ƙofarta, kowa yana maido da kwano. Mode ya matsa kusa da ita.

"Rifkatu, ashe kowa kinka ba?"

"Yau Kirsimeti, Malam Mode. Ranar haihuwar Almasihu, gidanmu ba mu ci sai maƙwabta sun ci."

"To ni mi ni ke? Maƙwabci?"

Ta karɓi akushin, ta shafa inda aka ɗinke tsagarsa.

"Na marigayi Baba ne. Ranar Kirsimeti, Inna ba ta zuba ma kowa a ciki sai maigida."

Mode ya dubi kwanukan, ya dubi akushin, kansa ya ɗaure.

"Wai kwanukan naku ne sunka ƙare?"

Ta sunkuyar da kai.

"Suna nan tuli a ɗaki."