Cokalin Ɗanjuma

Tun da aka raba wa mata awarwaron tsaro, duk namijin da ya kai wa mace hannu a kasuwa ko cikin mota, tafinsa yakan rine ya koma shuɗi, kuma babu sabulun da ke fitar da shi. Kafin shekara ta zagayo, garin ya cika da masu rini. Ɗan acaba, mai shayi, kowa ya ce sana'ar yake koyo.

Lantana dai dariya abin yake ba ta, har ranar da mijinta Ɗanjuma ya dawo daga kasuwa hannunsa na dama cikin aljihu. Ta ajiye masa tuwo da ruwan wanke hannu.

"Miƙo min cokali," ya ce.

"Cokali? Kai da kake cewa tuwon cokali ba ya ƙosarwa?"

Ya zaro hannun a hankali, shuɗi har wuyan hannu. "Ta marina na biyo. Na taya Malam Sabo matse shadda."

Lantana ta daɗe tana kallon hannunsa na hagu, fes, babu ko ɗigo.

"Maigida," ta ce, "da hannu ɗaya ka matse ta?"