Abokiyar Haya

Da aka kunna fitilun silimar a Montreyal, daraktar ta tsaya gaban 'yan kallo. Fim ɗin labarin marigayiya gwaggonta ne, da matar da dangi suka yi shekaru suna kira "abokiyar haya". Matar ta yarda a ɗauki hotonta a fim ɗin, amma ta baya kawai.

Wani mai sharhi ya ɗaga hannu. "Madam, soyayya ba fuska? Tsoro kika ji?"

Kafin ta amsa, wata tsohuwa ta taso daga kujerun baya, tana dogara sanda har gaban allo, sannan ta juyo.

"Tsoron nawa ne, ɗan nan, kuma ya ƙare. Ni ce matarta. Kalle ni da kyau."