Harsashin Zamani a Bindigar Kaka

Tun da aka raba gadon Alhaji Abdallah a Mandawari, Mahmud da ƙanwarsa Mabruka ba sa ga maciji. Ba a kan gida ba ne, ba kuma a kan shagon turare ba. A kan wata tsohuwar bindiga ce mai baki biyu, wadda aka ce kakan mahaifinsu ya zo da ita daga Tarabulus zamanin fatauci. Ta faɗo a rabon Mahmud, shi kuwa ya rataye ta a falo yana nuna wa duk baƙon da ya shigo.

Mabruka ta dawo gidan ne da 'ya'yanta biyu ƙanana bayan rasuwar mijinta. Duk sanda ta ga bindigar nan sai ta yi wa yayanta magana.

"Yaya, don Allah ka fitar da abin nan daga gidan nan," in ji ta. "Ba ka san shekarunta ba, ba ka san wa ya ƙera ta ba. Ko Baba bai taɓa harba ta ba. Ka kai wa hukuma su duba."

"Su duba ko su ƙwace? Ke dai baƙin ciki ke cin ki don ba ke aka bai wa ba. In gidan ya ishe ki, ga hanya nan."

Mahmud irin mutanen nan ne da in ka ce musu bari, kamar ka ce su ƙara. Me ya sani game da bindiga? Wallahi babu. Zanen da ke jikin bakinta, mai kama da murɗaɗɗiyar igiya, a ganinsa ado ne. Bai san ƙirar dā ce da aka yi don albarushin dā, wanda bai kai na yanzu ƙarfi ba. Bai kuma san tsatsa ta cinye ta ta ciki ba, tunda ta waje kullum yana goge ta da mai tana sheƙi.

Da masu ƙwacen waya suka addabi unguwa, sai ya sami hujja. Ya je wurin wani abokinsa ɗan sintiri, Maharazu, ya karɓo harsashi irin na yanzu. Ya buɗe bindiga ya zura, harsashi ya zauna daram.

"Tunda ya shiga, ai nata ne," in ji shi. Kun ji jahilci!

Bayan la'asar ya fito da ita tsakar gida zai gwada. Mabruka na tankaɗe a bakin madafa. Ta kora yaran ɗaki, ta miƙe hannunta duk gari.

"Yanzu a cikin gidan nan za ka harba, Yaya? Ka ji tsoron Allah!"

"Sama zan harba, uwar iyayi. Matsa!"

"Ba zan matsa ba. Ni ma gidan ubana ne."

"An dawo ana cinye mana abinci, har da kafa mana doka! Ba ni wuri, matsiyaciya!"

Ya ɗaga bindiga sama, ya ja kunama.

Harsashin bai je ko'ina ba. Bakin bindigar ne ya tarwatse daidai inda hannunsa na hagu ke riƙe, ya yi kaca-kaca da yatsunsa. Wani ɓallin ƙarfe ya sami Mabruka a wuya, ta durƙushe a kan kwanon garin.

Lungunsu mota ba ta shiga. Maƙwabta suka ɗauke ta a tabarma, suka yi bakin titi da gudu neman adaidaita sahu. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Mahmud bai samu ya yi mata salla ba. Yana kwance a gadon asibiti, ɗan sanda na gadinsa: bindiga babu lasisi, ga kuma rai. Sai kuka yake yana rantsuwa cewa bai yi niyya ba. To, mun ji, bai yi niyya ba. Amma yaran nan da dā ma ba uba, yau ga shi ba uwa, kuma kalmar ƙarshe da ta ji daga bakin yayanta ita ce "matsiyaciya".

Jama'a, tsohuwar bindigar gado ba kayan ado ba ce, ba kuma abin gwaji ba. Shigar harsashi ba ta nuna nata ne. Wanda duk ya gaji irinta, ya sanar da hukuma, masana su tantance ta tun kafin ta ci wani a cikin gida.