Bishiyar da Ba a San Sunanta Ba

Magina sun ɗaga gatari ke nan sai tsohuwar ta daka musu tsawa.

Ɗanta, mai shagon yadi a Makka, shi ya sayi wani tsohon gidan gona a kwarin Wadi Fatima, kusa da Makka. Ya gyara ɗakuna, ya yashe rijiya, dabinai suka farfaɗo. Abu ɗaya ya ɗaure masa kai: wata ƙatuwar bishiya mai tumbi, wadda saiwarta ke tsaga katanga. Duk manoman kwarin babu wanda ya san sunanta.

"Inna, kin san ta ne?"

"Kuka ce. Miyarta ka sha ka girma."

"To, wa ya kawo kuka Hijaz?"

Ta dafa gindin bishiyar.

"Da muka iso da ƙafa, ni da babanka, nan muka yi ƙwadago. Nan muka binne yayarka, ba ta kai Makka ba. Ba mu da abin yin alama sai ƙwallon kukar da na ƙulle a bakin zanena."

Ya juya ga magina.

"Ku matsar da katangar."